Halogeton: me ya sa yake kashe wasu tumaki ya bar wasu?

Ɗalibin Kiwo:
Assalamu alaikum malamai. Tsiron nan Halogeton glomeratus da ke fitowa a busasshiyar ƙasa mai gishiri, an ce yana kashe tumaki cikin sa'o'i, amma wasu garken suna cinsa ba abin da ke samunsu. Ina bambancin yake, kuma yaya ake gane shi?

Mai Nazarin Tsirrai:
Wa'alaikumus salam. Asalinsa tsakiyar Asiya ne da yankunan Rasha da Sin, an fara ganinsa a Amurka a 1934 kusa da Wells a jihar Nebada. Shekara guda yake yi ya mutu. Karansa ja-ja ne, ganyensa ƙanana ne masu ruwa, mulmulallu kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da siririn gashi ɗaya a tsininsa. Gashin nan shi ne shaidar. Saiwarsa tana jawo gishiri daga ƙasa ta tara a ganye, in ganyen ya zube sai gishirin ya zauna a saman ƙasa, ciyawa ta kasa tsirowa. Ƙwayar iri kala biyu yake zubarwa: baƙi mai tsirowa nan da nan, da ruwan ƙasa mai iya kwanciya har shekara 10. Shi ya sa cirewar shekara ɗaya ba ta raba fili da shi.

Likitan Dabbobi:
Ɗan'uwa, bambancin yana cikin tumbi. Dafin sinadarin okzalet ne, wanda kan kai kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen ganye, kuma ƙaruwa yake yayin da tsiron ke tsufa. Tunkiyar da ke ɗan tsinkarsa kaɗan-kaɗan na kwanaki, ƙananan halittun da ke zaune a tumbinta suna sabawa su riƙa narkar da shi. Wadda aka sauke daga mota da yunwa ta faɗa masa, ƙasa da kilo ɗaya ya isa ya kashe ta. Okzalet ɗin yana shiga jini ya kame kalsiyam, ya daskare a ƙoda da bangon tumbi. Cikin sa'a 2 zuwa 6 za ka ga ta ware daga garke, kai a sunkuye, yawu na dalala, numfashi sama-sama, sai ta kwanta ta kasa tashi. Allurar kalsiyam takan ɗaga ta na ɗan lokaci, amma in ƙoda ta lalace da wuya ta sha.

Jami'in Makiyaya:
Ƙari a kan bayanin Likita: a ƙosar da tumaki da harawa kafin a bi ta inda tsiron yake, musamman gefen hanya da bakin mashaya, don ƙasar da aka tattake yake so. Haɗarin ya fi yawa bayan shan ruwa, domin tunkiyar da ƙishirwa ta hana ci, tana sha za ta afka wa abin da ke gabanta. Filin kuma a rage masa kiwo, a shuka ciyawa mai daɗewa, halogeton ba ya iya gogayya da ita.