Fumfuna a huhun lafiyayyen mutum: gaskiya ko dai akwai abin da ake ɓoyewa?

Mai tambaya daga Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Baffana manomi ne, ƙato majiyi ƙarfi, wata 4 ke nan yana tari har da jini. An auna kakinsa sau biyu, babu tarin fuka; an yi awon sida, babu ita. Yanzu lokotoro ya ce fumfuna ce a huhunsa. Anya kuwa?

Dattijo mai shago a Kasuwar Dole: Ɗana, ku sake awon sida. Fumfuna kan kwantan tuwo take hawa, ba kan mai jini a jika ba. Sai garkuwar jiki ta karye.

Malamar asibiti: Baba, da girmanka, irin wannan magana ce ke sa unguwa ta fara tsegumi kan bawan Allah. Ƙwayar fumfunar da ake kira Aspergillus kullum muna shaƙar ta, a ƙura, a ƙaiƙayi, a gyaɗar da ta sha danshi, huhu ya share abinsa. Amma wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko ya warke yakan rage da kogo a huhu. Nan take tarewa, ta dunƙule kamar curin fura, har a gan ta a hoton ƙirji.

Mai tambaya: Ai kuwa ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata 6.

Dattijo: To ƴata, kin dawo gidana! Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malamar asibiti: Tsaga daban, sida daban, Baba.

Ɗalibin likitanci daga Zengo: Wani lokacin ma babu tsagar. Wata fumfunar mai suna Histoplasma tana cikin ƙasar da kashin jemage ko na kaji ya taru. Lafiyayye in ya shaƙe ta da yawa tana iya kayar da shi. Ba a banza Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari a 2022 ba.

Dattijo: Waɗanda fumfuna ta cinye a Indiya a 2021 fa? Galibinsu masu ciwon suga ne da aka ɗirka wa magunguna irin su dexa (dexamethasone, mai rage garkuwar jiki) lokacin korona.

Malamar asibiti: Nan kam ka yi gaskiya. Dexar nan kuwa ita ƴan matanmu ke sha don su yi ƙiba, ido ya gan su ɓul-ɓul, garkuwa tana ƙasa. Ƙanena, kada ku sayi magani da ka. Maganin irin wannan fumfunar huhu, itraconazole, ana shan sa aƙalla wata 6, ana duba hanta.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Gobe ma Baffa zai shiga ƙurar rumbu kwasar gero. Na ce ya bari, ya ce in ya bari wa zai kwasa?