Tambaya: harsashi mai gudu ƙasa da sauti da na ɗura da kaina ya ƙi juya bindigata (.300 Blackout)

Baƙon_Texas:
Salamu alaikum yan uwa mazauna Amurka, musamman masu zuwa renj, wato filin gwajin harbi. Ina nan kusa da Houston shekara tara kenan, bara na sayi bindiga ƙirar AR mai cin harsashin .300 Blackout, na cike Form 4 na ATF (hukumar Amurka mai kula da harkar bindigogi) na jira har takardar izinin salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi, ta fito, komai bisa doka. Dalilina kunne ne wallahi, tun wata rana da na je harbi na manta abin toshe kunne, kunnena na dama yake min ƙara kamar ƙudan zuma. To harsashin kanti ya yi tsada sai na fara ɗura nawa a gareji, kan harsashi mai nauyin giren 220 (giren ma'aunin nauyinsa ne), ina bin littafin ɗuri. Matsalar ita ce idan na harba sai ta ƙi jawo na gaba, wani lokaci kwanson ya fita amma sai na ja da hannu, wani lokacin ma ya maƙale a ƙofa. Na kanti baya min haka. Wani a renj yace in ƙara rage albarushin wai zai fi yin shiru, hankalina bai kwanta da maganar ba shi yasa na kawo nan. Kuma ina so in fita farautar barewa da shi bana in Allah ya kai mu.

Malam_Dallas:
Wa alaikumus salam. Da farko kar ka saurari mutumin nan, ko da wasa kar ka sauka ƙasa da abin da littafi ya rubuta. Idan albarushi ya yi kaɗan kan harsashin yana iya tsayawa a cikin bututu bai fita ba, kuma da yake da salansa kake harbi ƙarar dama kaɗan ce ba lallai ka lura ba, ka sake danna kunama na biyu ya tarar da na farko a hanya, to nan fa sai dai addu'a. Duk ranar da ka ji harbi ya yi wani iri, ko ba ka ga rami a takarda ba, tsaya, cire magazin ka duba bututun.

Maganar ƙin juyawa kuma ba abin mamaki bane. Ita wannan bindigar iskar da albarushi ya haifar ce take tura ƙarfen baya ya tofar da kwanso ya ɗauko sabo, kai kuma kana so harsashi ya tafi a hankali wato iskar ta ragu, ka ga abu biyu ne suke jan juna. Shi yasa ba kowane albarushi ne yake yi ba, akwai wanda zai baka gudun da kake so amma bai tara iskar da za ta juya ƙarfen ba. Ka koma bayanan da kamfanonin kayan ɗuri Hodgdon ko Hornady suka wallafa, sun ware na ƙasa da sauti daban, ka tabbata irin albarushin da nauyin kan duk su ne a layin da kake bi, kar ka karɓi adadi a bakin kowa har ni.

Injiniya_Ohio:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Kana da na'urar auna gudun harsashi kuwa? Don in babu to a duhu kake aiki. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa idan zafi ya kai digiri 20 a ma'aunin Celsius, wato ƙafa 1,125 a daƙiƙa haka, kuma idan sanyi ya sauka gudun sautin ma sauka yake, shi yasa yawancin mutane suke tsayawa wajen ƙafa 1,050 don su bar tazara. Ni nan Ohio na gani da idona, abin da yake shiru a watan Yuli sai ka ji yana yin tas kamar bulala a Janairu, wannan tas ɗin kuwa babu salansar da take kashe shi don a iska yake faruwa bayan harsashin ya riga ya fita.

Abu na biyu wanda ya taɓa cin kuɗina, kan giren 220 dogo ne kuma a hankali yake tafiya, in murɗin cikin bututunka, wanda yake sa kan ya riƙa juyawa, bai isa ba sai ya fita yana tangaɗi ya daki faifan cikin salansa. Yawancin bututun .300 Blackout 1:7 ne ko 1:8 (juyi ɗaya a kowane inci 7 ko 8) don haka, amma duk da haka duk sabon ɗuri ka cire salansar tukuna ka harba a takarda, in ramin ya fito zagaye sumul to, in ya fito a karkace kamar ramin makulli kar ka kuskura ka maida ta.

Baƙon_Texas:
Na'urar kam bani da ita, ina ta cewa sai wata mai zuwa. Gobe zan nema. Bututun 1:8 ne na duba yanzu. Allah ya saka.

Malam_Dallas:
Amin. Na manta ban faɗa ba, in kana da wata bindigar mai cin harsashin 5.56 a gida raba magazin ɗinsu, ka naɗa wa na .300 tef mai launi. Daga kwanson 5.56 aka samo .300 ɗin, magazin ɗaya suke shiga, kuma yana iya zama a ɗakin harsashin 5.56 har ƙarfen ya rufe, kai mai faɗin .30 a bututun .22 ka san abin da zai biyo baya, bindigogi da yawa sun tarwatse a haka. In kuma ka bi littafi daidai har yanzu tana ƙin juyawa to kai ta wurin makerin bindiga ya duba ramin iskar da sifirin, wataƙila ba laifin harsashin bane ma.

Hajiya_Maharbiya:
Ni maganar barewar ce ta tsaya min. Maigidana ne ya koya min harbi muna Jojiya kuma mun yi wannan muhawarar a gida sosai. Giren 220 a gudun ƙafa 1,050 ƙarfinsa bai wuce na babbar bindigar hannu ba, kuma yawancin kawunan masu nauyi na harbin takarda aka yi su, a wannan gudun basa buɗewa, sai su ratsa dabba kamar tsinke ta gudu cikin daji da rauni ta kwana tana wahala ka neme ta ka rasa. Mu da aka umarce mu da kyautata yanka wannan ba ƙaramin abu bane a wurina. Ga shi harsashin yana faɗuwa sosai da ya wuce yadi 100. In don kunne ne ai salansar tana rage ƙara sosai ko da harsashi mai saurin ne, irin giren 110 ko 125 da aka yi don farauta, ka haɗa da abin toshe kunne shikenan. Na ƙasa da sautin ka bar shi a renj, in kuma dole sai da shi to nemi kan da aka ƙera musamman don ya buɗe a ƙaramin gudu kuma kar ka harba daga nesa. Ka duba dokar farautar Texas ta bana kafin ka fita.

Baƙon_Texas:
Gaskiya Hajiya ban taɓa kallon abin ta nan ba, ni shirun kawai nake bi. Barewa da giren 125 na kanti zan je. Ranar Asabar zan koma renj da na'urar, ba salansa, zan ɗauki hoton takardar in saka muku ku ga ramukan.