Neman shawara: fentin tsufar da taragu ya fito kamar yashi, kayan firinta kuma sun ƙi bushewa

Baban Ummi, Kano:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina gina ɗan ƙaramin filin layin dogo a kan falanki mai tsawon mita biyu, a sikelin OO (wato komai an ƙanƙanta shi sau 76 daga girmansa na gaske), kuma abin da nake son kwaikwaya shi ne wurin sauke kwal na Ingila a shekarun 1960. Ina da ƙananan samfuran taragun kwal masu ɗaukar tan 16 na kamfanin Bachmann da kan jirgi guda mai amfani da tururi, sai dai dukkansu suna sheƙi kamar yanzu aka fito da su daga shago, alhali a hotunan wancan zamani da wuya mutum ya ga tarago mai tsabta. Saboda haka na sayi ƙaramar bindigar feshi mai allura 0.3 da kwamfireso, na haɗa fentin Tamiya ruwan ƙasa na fesa wa wasu daga cikinsu.

Abin da ya fito bai yi mini daɗi ba. Fentin ya zauna da kaushi, idan ka shafa yatsa sai ka ji tsakitsaki, sannan taragun sun koma launi ɗaya tun daga sama har ƙasa, lambobin jikinsu ma sun kusa ɓacewa. Matsala ta biyu kuma ita ce kayan da wani ya buga mini da firintar 3D ta rezin, wato ɗakin ma'auni da gangunan mai da buhunan kwal, waɗanda har yanzu suke danƙo a hannu, fentin da na shafa musu kuma ya ƙi kamawa. Ta uku, ina tunanin in tankaɗe jar ƙasar bayan gidanmu in shimfiɗa a matsayin daɓen filin. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan harka su nuna mini inda gyara yake. Allah ya saka da alheri.

Mai Fentin Mota, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki maganar kaushin, domin ita ce sana'ata, kuma abin da ke faruwa a jikin mota shi ne yake faruwa a jikin taragonka. Fentin yana bushewa ne a cikin iska kafin ya isa jikin abin da ake fesawa, sai ya sauka a matsayin gari maimakon ya sauka da danshinsa ya baje. Abubuwa uku ne ke jawo haka: ka yi nisa da bindigar, ko ƙarfin iskar ya yi yawa, ko fentin ya yi kauri. A garuruwanmu akwai na huɗu, wato zafi da bushewar iska, musamman a hunturu da bazara, kuma fentin Tamiya na akirilik yana da sinadari mai saurin tashi, don haka abin da mai feshi a Turai zai yi ya tsira, kai a Kano da tsakar rana ba za ka tsira ba.

Shawarata ita ce ka mayar da ƙarfin iskar tsakanin psi 15 da 18, ka matso da bakin bindigar zuwa kamar santimita goma, kuma ka yi aikin da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ka tsinka fentin da tinarsa ta X-20A, kuma tunda ƙura kake son nunawa ba sabon fenti ba, kashi ɗaya na fenti da kashi huɗu ko biyar na tina bai yi yawa ba. Idan za ka samu ruwan jinkirta bushewa da kamfanin ke sayarwa, ɗigo kaɗan ya isa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Kada ka yarda ka zuba tinar mota a kai, domin tana cin roba. Kafin ka taɓa tarago, ka gwada a bayan cokalin roba fari. Idan wucewa ɗaya ta rufe farin, fentin ya yi kauri. Kamata ya yi sai ka wuce sau uku ko huɗu sannan idonka ya fara ganin canji. Da damina kuma ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a matatar kwamfireso, in ba haka ba zai tofa maka shi a tsakiyar aiki.

Dattijon Manchester:

Abin da Malam mai fenti ya faɗa daidai ne, amma ina ganin ko da feshin ya fito sumul, ƙanena, ba za ka samu abin da kake nema ba muddin bindigar kaɗai ka dogara da ita. Bindigar feshi ƙura da hayaƙi ta iya, ba ta iya tsatsa ba, kuma taragon tan 16 tsatsa ce rabin kamanninsa. Hukumar British Railways ta ƙera irin waɗannan taragu fiye da 200,000, jikinsu ƙarfe ne zalla, kuma kwal mai danshi yana cin ƙarfen ne tun daga ciki. Waɗanda ba su da birkin vacuum (mai aiki da zuƙe iska) ana yi musu fenti ruwan toka, masu shi kuma ja mai duhu, sannan farin layin nan da ya karkata a gefe yana nuna ɓangaren da ƙofar ƙarshe take. Idan ka dubi hotunansu masu launi da kyau, za ka ga tsatsar ba shafe take ba: tabo-tabo ce mai kaifin baki, ta fi yawa a leɓen sama inda ake bugawa lokacin lodi, da kewayen ƙofofi, da ƙasan bango inda ruwa ke kwanciya. Za ka kuma ga wasu an yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasa an yi walda da sabo, ba a ma damu da yi masa fenti ba.

Ga yadda nake bi. Ina zaɓar hoto ɗaya ga tarago ɗaya, in ajiye shi a gabana. Ina yagar ɗan soso, in dangwala shi a ruwan ƙasa mai duhu irin XF-64 na Tamiya da aka ɗan haɗa da baƙi, in goge mafi yawansa a takarda, sannan in riƙa dangwalawa a wuraren da hoton ya nuna. A tsakiyar manyan tabban ina ɗiga launi mai duhu, a gefensu kuma mai ɗan haske, sannan in ja siririn buroshi mai ɗan danshi daga sama zuwa ƙasa domin nuna inda ruwan sama ya gangaro da tsatsar. Bayan wannan ne bindigar ke shigowa, kuma aikinta biyu ne kawai: ruwan ƙasa a ƙarƙashi da ƙafafu, ana fesawa daga ƙasa ana kallon sama domin ya ɗan hau ƙasan bango, sai kuma hazo na baƙi mai laushi irin XF-69 daga sama. Dalilin da ya sa ƙarƙashin ba baƙi ba ne shi ne garin ƙarfen da ke fita daga takalman birki, wanda yake tsatsa ya manne a ko'ina.

Kada ka yi musu tsufa iri ɗaya. A jerin taragu goma, bar ɗaya ko biyu kusan sababbi, ɗaya ya lalace har lambarsa ce kawai aka sake rubutawa a kan baƙin faci, sauran kuma su faɗa tsakani. Game da kan jirgin, a shekarun ƙarshe kafin a daina amfani da tururi a 1968 yawancinsu ba a wanke su, to amma ni zan ce ka bar shi sai hannunka ya faɗa a kan taragun, domin shi ne mai tsada. Idan lokacin ya yi, ka rufe tagogi da salatif na takarda, kuma kada fenti ya taɓa inda ƙafa ke hawa dogo ko 'yan ƙarafan da ke ɗaukar wuta.

Maman Hanif, Abuja:

Ni aikina buga kaya da firinta ne, don haka zan tsaya a kan tambaya ta biyu. Danƙon da kake ji, Malam, ɗanyen rezin ne da ba a wanke ba, kuma babu fentin da zai zauna a kansa komai tsadarsa. Ka sa safar hannu ta naitiril kafin ka sake taɓa su, domin ɗanyen rezin yana iya jawo ƙaiƙayi da borin fata, kuma ka nisanta su daga yara. Ka jiƙa su a sinadarin IPA (isopropyl alcohol, na wanke-wanke) mai ƙarfi na 'yan mintuna, ka cuɗa lunguna da tsohon buroshin haƙori, ka sake ɗauraye su a wani IPA mai tsabta, wanda zai tafi da fentin da ka shafa ma. Sai ka bar su su bushe sarai a inuwa, domin idan haske ya same su da danshi farin tabo zai fito. Bayan haka ne za ka gasa su da fitilar UV mai nanomita 405, ko ka ajiye su a rana na ɗan lokaci kana juya su. Ranarmu tana da ƙarfi, idan suka daɗe za su yi gautsi, siraran sassa kuma su karye.

Ka duba ɗakin ma'aunin da gangunan ko an buga su da rami a ciki. Idan haka ne kuma ba a bar ƙofar tsiyaya ba, akwai ɗanyen rezin a kulle, wanda bayan watanni zai iya tsaga jikin ya zubo, saboda haka ka huda ƙaramin rami biyu a ƙasa ka wanke cikin. Daga nan ka goge guraben sandunan da suka tallafe kayan lokacin bugawa da samfefa mai laushi da ruwa, ka fesa fentin shimfiɗa ruwan toka siriri, sannan ka yi launi. Idan nan gaba aka buga maka wani abu da zaren robar da ake kira PLA, ka sani yana fara laushi ne a wajen digiri 60, ke nan barinsa cikin mota a rufe da rana ya isa ya lanƙwasa shi.

Baban Ummi, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ranka ya daɗe Dattijo, taragun da na riga na fesa fa, akwai yadda za a ceto su? Kuma na ga wasu suna amfani da garin launi, shin yana maye gurbin soson ne?

Dattijon Manchester:

Ana ceto su. Ka jiƙa auduga da IPA ka riƙa gogewa daga sama zuwa ƙasa a hankali, amma ka fara gwadawa a cikin taragon, domin sinadarin yana iya ɗaga rubutun kamfani. Ba lallai ne ka cire duka ba. Abin da ya maƙale a lungunan ginshiƙai ka bar shi, can ne datti ke taruwa a taragon gaske. Garin launi kuma ƙari ne, ana shafa shi a ƙarshe a kan jiki marar sheƙi domin ya samu abin kamawa. Ni ba na fesa masa banish, saboda yana dusashe shi har ya kusa ɓacewa.

Mai Fentin Mota, Kaduna:

A nan zan ɗan saɓa wa Baba. A Manchester ƙila garin ya zauna shekara da shekaru, amma mu nan dole ne mu riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga kan kayanmu, kuma duk kaɗewa tana tafiya da shi. Gara ya shafa garin ya ɗan fi yadda yake so, ya fesa banish marar sheƙi irin XF-86 sama-sama, idan ya dusashe ya ƙara. Kuma ina tunatar da kowa cewa takunkumin asibiti ba ya tare tururin tina. A nemi mai matata, a buɗe taga.

Injiniya, Zariya:

Saura maganar ƙasa, Malam. Jar ƙasarmu ba za ta dace da filin kwal na Ingila ba, domin daɓen irin waɗannan wurare toka ce da garin kwal da aka tattake shekara da shekaru, launinsa tsakanin ruwan toka mai duhu da baƙi. Abin da zai yi maka shi ne yashi mai laushi da ka tankaɗe da rariyar shayi, ka haɗa da dakakken gawayi. Ko wace ƙasa ka ɗebo, ka soya ta a tsohuwar tukunya domin kashe ƙwari da ƙwayoyin ciyawa, sannan ka ratsa maganaɗisu a cikinta sau da yawa. Za ka yi mamakin garin ƙarfen da zai kama, wanda da ka bar shi injin kan jirgin ne zai zuƙe shi. Bayan ka shimfiɗa, ka fara jiƙa shi da feshin ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwanuka, sannan ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, ka kiyaye wuraren canza layi kada gam ya kama su. Idan ya bushe, bindigarka za ta yi amfani sosai wajen fesa ruwan ƙasa a gefen dogo da baƙi a inda kan jirgi ke tsayawa, amma ka goge saman dogon nan take. Idan ka yi tudu da farin kwalin kumfa, ka rufe shi da filasta ko takarda da gam kafin fentin gwangwani ya taɓa shi, domin yana narkar da shi. Falankin kuma ka shafe shi da fenti ta kowane gefe, kada ka jingina shi da bango, saboda gara.

Jar ƙasar ka adana ta. Idan wata rana ka yi sha'awar kwaikwayon tsohon layin Legas zuwa Kano, mai faɗin milimita 1067, dogon nan naka na milimita 16.5 zai yi daidai da shi a sikelin 1:64, kamar yadda masu wannan sha'awa a New Zealand suke yi, sai Hajiya Maman Hanif ta buga maka jikin taragun.

Maman Hanif, Abuja:

Zan buga, in sha Allahu, idan an samo mini awo da hotunan gefe da na gaba. Kafin nan, Malam, idan ka wanke kayan ka turo mana hotonsu kafin ka yi musu shimfiɗa. Gurɓataccen IPA ɗin kuma kada ka zuba shi a kwata. Ka ajiye shi a rana cikin kwalba mai haske har rezin ɗin ya daskare ya kwanta, ka tace, ka sake amfani da shi a wankin farko.