Muhawara: wai me masu bincike suka taɓa tsinana wa Damagaram?

Ɗan Matamai: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Kullum ana ce mana binciken kimiyya ne zai fid da mu, a ƙara wa jami'a kuɗi, a gina ɗakunan gwaje-gwaje. Ni kuwa a ganina abin da ake kira bincike a ƙasar nan iliminmu ne ake kwasa, a rubuta shi da Faransanci, a kai waje a karɓo digiri. Ku dubi gawo. Daga Matamai har Magarya, duk gonar da ka ɗaga ido gawo ne tsaye. Iyayenmu ne suka raine shi, suna kewaye shi lokacin sassabe, suna kare shi daga awaki. Sai da aiki ya ƙare masu bincike suka iso da na'urar ɗaukar hoto. A nuna mini abu guda da suka kawo mana wanda ba mu da shi.

Baba na Birni: Wa alaikumus salam. Yaro, ka faɗi gaskiya. Tun muna ƙanana manya ke ba mu labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. A lokacin ba jami'a, ba lakkwal. Mu ma magina haka aka yi mana. An ce ginin ƙasa na matalauta ne, kowa ya koma siminti da kwano, yanzu kuma ga su suna zuwa suna tambayarmu yadda ake kwaɓa ƙasa.

Ƴar jami'a: Baba, ina gaisuwa. Yaya Ɗan Matamai, ni aikin gona nake karantawa a Jami'ar André Salifou, kuma ba mai musun cewa manoma ne suka raini gawo. Masu binciken da kansu haka suka rubuta. Amma ka tuna abin da duniya ke faɗi a kanmu bayan farin 1973 da na 1984: hamada ta ci Nijar, talaka ya sare itatuwa, sai an hana shi. A kan wannan fahimtar aka riƙe dokar da ta ce itacen da ke cikin gonarka na gwamnati ne, ka yanke reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai wahala kan abin da ba nasa ba?

Abin da ya rushe wannan magana ƙidaya ce. An kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na wajen 2005, aka kuma shiga gonaki da ƙafa ana ƙirga itatuwa. A 2006 Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar da bincikensu kan Magarya, Matamai da Mirya. Da aka haɗa da na yankin Maraɗi, sai aka ga wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, itatuwa kusan miliyan 200. Larwanou ɗan Nijar ne, Tougiani Abasse na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, ma haka, ba Turawa kaɗai ba ne. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince manomi ke da ikon itacen da ya raina a gonarsa. Babanka ya san gonarsa, amma ba shi da hanyar sanin cewa abin da yake yi ana yin sa a faɗin hekta miliyan 5, kuma ba da labarin gona guda ake sauya doka ba.

Ɗan Matamai: Ƙanwata, kin ƙara mini hujja ne. Sun ƙirga abin da muka yi. Ƙirga ba ƙirƙira ba ce.

Ɗan Zango: Ni duk ban yarda da ku ba. Ruwan sama ne ya dawo bayan shekarun fari, itatuwa suka tsiro. Ba manomi, ba mai bincike.

Ƴar jami'a: Yaya Ɗan Zango, an yi wannan tambayar, kuma an nemi amsarta. Damina ta gyaru, gaskiya ne, ta kuma taimaka. Amma an duba hotunan ƙauyukan da ke gefen iyaka, ɓangarenmu da ɓangaren Najeriya, ƙasa iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, aka tarar itatuwa sun fi yawa a gonakin ɓangarenmu. Da ruwa ne kaɗai da an ga abu ɗaya a gefe biyu. Kuma inda mutane suka fi yawa a nan itatuwan suka fi yawa, akasin abin da ake zato a da.

Sannan akwai abin da ido ba ya gani. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau, amma me ya sa? Wani zai ce ganyen da yake zubarwa da damina, wani ya ce kashin dabbobin da ke kwana a inuwarsa da rani suna cin ƴaƴansa. An gano cewa a saiwarsa akwai ƙananan halittu masu kamo sinadarin azot daga iska, wanda muke saye da tsada a buhun takin zamani. A tashar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, a farkon shekarun 1990, an auna zafin ƙasa aka ga ƴar inuwar rassansa tana rage zafin da ke ƙona hatsi lokacin da yake tsirowa. Wasu ma suka ce a yi hattara, wataƙila wani gawon tun farko a wuri mai albarka ya tsiro, kamar tsohon suri. Sai an rarrabe waɗannan za a iya gaya wa manomi gawo nawa ya kamata ya bari a hekta, da tazarar da ta dace.

Malamar asibiti: Ku bar ni in sa baki, don ni wannan zancen ya taɓa ni. Ɗan Matamai, ƙanena, ka ce a nuna maka abu guda. Sanƙarau. Duk wanda ya yi aikin jinya a nan kafin 2010 ya san abin da watannin hunturu zuwa bazara ke zuwa da shi. Yaro ya kwana lafiya, da hantsi zazzaɓi da ciwon kai, da la'asar wuya ya sandare, ba ya son haske. Uwa ta goyo shi daga ƙauye, wani kafin a iso ya cika. Wanda ya tashi kuma, wani ya kurumce har abada. A annobar 1996 zuwa 1997 mutum sama da 250,000 suka kamu a ƙasashen Afirka, kusan 25,000 suka rasu. Kakanninmu sun san ciwon, sun san lokacinsa, sun raɗa masa suna, amma ba su da abin da ke tsayar da shi.

A Disamba 2010 aka soma allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar. Shekaru aka yi ana aikinta, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, don a iya yi wa miliyoyin mutane. Sanƙarau nau'in A, wanda shi ke haddasa manyan annobar, kusan ya ɓace. Wannan ba iliminmu ba ne aka rubuta da Faransanci.

Ɗan Zango: To Hajiya, in ya ɓace, me ya faru a Dungas?

Malamar asibiti: Tambayarka tana kan hanya. Ƙwayar ciwon ba iri ɗaya ba ce. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ta fi kowa. Nau'in C ne, wanda allurar 2010 ba ta rufe ba. Ta yaya aka sani? Ana ɗebo ruwan ƙashin bayan marar lafiya a aika cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai, a tantance. Ba don wannan ba da an yi ta allurar da ba ta dace ba. A 2024 aka soma amfani da sabuwar allura mai rufe nau'i biyar, a Najeriya da farko sannan a nan.

Wani ƙaramin abu kuma da ba a lura da shi. A jikin kowace kwalbar rigakafi akwai ɗan tambari, da'ira mai murabba'i a tsakiya. Murabba'in fari-fari ne, zafi na tara masa duhu a hankali. Muna buɗe akwatin sanyi a ƙauye, abin da muke fara dubawa ke nan: in ya yi duhu kamar da'irar, kwalbar ta lalace, ba za a yi wa ɗan kowa ita ba. Wasu ne suka zauna suka nemo sinadarin da ke sauya launi daidai da yadda maganin ke lalacewa. Ni ban san fuskarsu ba, amma aikinsu na hannuna kullum.

Ɗan Matamai: Hajiya, Allah ya saka. Na yarda da maganar sanƙarau. Amma tunda an zo kan magani, kada a manta da Kano. A 1996, cikin wannan annobar da kika ambata, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji na yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Kano nan ce, ba nisa. Shi ma sunansa bincike.

Malamar asibiti: Ba zan kare wannan ba, kuma har yau muna ɗanɗana kuɗarsa duk lokacin da uwa ta ɓoye ɗanta a bayan rumbu ranar rigakafi. Shi ya sa nake son masu binciken su zama namu, da kwamitin da ke duba kowane gwaji kafin a taɓa ɗan mutum, da bayani cikin Hausa kafin a sa hannu. In mun ce ba ruwanmu da bincike, ba daina shi za a yi ba, wasu ne za su ci gaba da yi a kanmu.

Mushe: Na daɗe ina bin ku. Ni kimiyyar lissafi da sinadarai nake koyarwa, kuma abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauka bincike na baƙi ne. Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, suna ƙera abin ɗuma ruwa da murhun rana a Yamai tun duniya ba ta damu da hasken rana ba. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai na ɗauke da sunansa, amma yau allon hasken rana daga Sin muke sayowa. Mun yi bincike, riƙe shi ne ba mu yi ba. Ku dubi ruwa ma. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa, ana tura wutar lantarki cikin ƙasa a auna yadda take wucewa, don a gane inda dutsen ya tsage ya riƙe ruwa. In ba haka ba a zuba miliyoyi a rami busasshe.

Baba na Birni: Mushe, to ka amsa mini tawa. Soron da kakana ya gina, da azara da tubali, tsakar bazara ka shiga da azahar sai ka nemi mayafi. Ɗakin kwano kuwa ko akuya ba ta zama. Wane mai bincike ya koya mana?

Mushe: Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya koya muku. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa, kwano kuwa nan take yake ɗauka ya watso a kan mutum. Kun riga littafi sani. Amma Baba, dukkanmu mun ga yadda ruwan Satumba 2024 ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara 170. Mun ga gidajen ƙasa da suka zube a unguwanni. Ruwan yanzu yana sauka da yawa a lokaci guda. Tambayar ita ce yaya za a riƙe sanyin ƙasa a kuma hana ruwa cin ta. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan garin. Ana ɗan ƙara siminti ko farar ƙasa a irin wannan tubali, amma ma'aunin ya danganta da ƙasar wurin, yawan yashinta da yumɓunta. Ta Birni ba irin ta Mirya ba ce, sai an gwada kowace.

Baba na Birni: Masallacin ba laifin ƙasa ba ne, ɗana. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin damina, a gyara indararo, a toshe tsaga. Da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, muke shafe bango, ruwa ya zame. Yanzu wa ke yi? Ku fara tambayarmu kafin ku ƙara mana siminti.

Ɗan Matamai: Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na ji na sanƙarau, na ji na ruwa. Amma har yanzu ina nan kan cewa ana zuwa ƙauyenmu da takardun tambayoyi, a zaunar da tsofaffi yini guda, a tafi, ba a sake dawowa a ce ga abin da aka samo. Zancen zafin ƙasa a gindin gawo da ƙanwata ta kawo, an auna shi fiye da shekara 30 da suka wuce, yau na fara jin sa. Manomi nawa suka ji?

Ƴar jami'a: Kaɗan ne, Yaya, kuma ba ni da abin kare mu a nan. Rahoto yana ƙarewa a kabad, da yaren da mai gonar ba ya ji.

Mushe: Baba, ina da roƙo. In ka amince, a watan Afrilu zan zo da ɗalibaina da ma'aunin zafi guda uku: ɗaya a soronka, ɗaya a ɗakin siminti mai kwano, ɗaya a waje cikin inuwa. A riƙa rubutawa duk bayan awa biyu, dare da rana, har mako guda. Sannan mu yi tubali kashi uku, na gargajiya mai makuba, matsattse zalla, da mai ɗan siminti, mu jera su a fili su sha damina.

Baba na Birni: Ku zo. Amma ni zan zaɓi ramin da za a ɗebo ƙasar, ni zan kwaɓa ta, kuma sai ta kwana uku tana ruɓa da ciyawa kafin a buga tubalin. In kuka yi gaggawa kuka buga ɗanya, kada ku rubuta cewa tawa ce ta faɗi.