Kyaftin ya ce in yi wa wani dako a kan tudu, alhali na fi shi hawa

Ɗan Tudun Jos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Mu shida ne a ƙungiyarmu ta keke, duk Lahadi bayan sallar asuba muke tashi daga Agege. Saura sati uku mu tafi wani tsere na kwana biyu can wajen Ekiti, kuma rana ta biyu kusan duk hawa ce. Kyaftin ya tara mu ya ce wannan karon mutum ɗaya za a yi wa aiki, irin yadda ake yi a Turai. Yaron da ya zaɓa yana da ƙarfi, ban musa ba, a miƙaƙƙiyar hanya babu mai kamo shi. Amma a hawa na fi shi, kowa ya sani, a Jos na tashi. Aikina wai in shiga gabansa in tare masa iska har kusan ƙarshen tudun, in ƙarfina ya ƙare in kauce ya wuce. Ba a ce komai ba game da rabon kuɗin kyauta, kuɗin mota da masauki kuma kowa daga aljihunsa. In yi biyayya ne, ko in ce a bar hanya ta raba gardama? Ba na son ɓatawa da kyaftin, shi ya sama min aikin da nake ci da shi yanzu.

Mai Faci Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Haƙora nawa ne a babbar giyarka ta baya? In bai kai 30 ko 32 ba, ka bar maganar wa ya fi wa, tura keken za ka yi da hannu. Giyar Legas ba ta hawa tudu. Kawo in sa maka, dubu 45 har da kuɗin aiki.

Abu Ikorodu: Dubu 45 kuma? Oga ka ji tsoron Allah. Dubu 28 na sayi nawa a gwanjo watan jiya.

Mai Faci Idi-Araba: Naka da ka kawo min yana tsallake sarƙa? Shi kake nufi? Haƙoran duk sun cinye kamar bakin tsohuwa.

Malam Alpe d'Huez: Ku bar cinikin nan tukuna. Ƙanena, abin da ya same ka ya samu waɗanda suka fi ka. A tseren Faransa na 2012, Chris Froome ɗan dakon Bradley Wiggins ne a ƙungiyar Sky. A hawan La Toussuire Froome ya ƙara wuta, ya waiga sai ya ga ogansa ya fara sakin taya, ya kasa bin sa. Daga motar ƙungiya aka yi masa magana a kunne cewa ya jira, ya kuwa jira. Wiggins ya ci tseren, Froome ya zo na biyu. Shekara na zagayowa aka ba shi ragama, ya ci a 2013, ya ƙara a 2015 da 2016 da 2017. Da ya yi gardama ranar, wa ya san inda zai ƙare? Mahakurci mawadaci. Ka yi dakon, ka bar kyaftin ya gani da idonsa.

Tsohon Ɗan Dako: Malam, Froome albashi ake biyansa ya jira. Wannan yaron da kuɗinsa zai je.

Bari in ba ku nawa, don ni ba a talabijin na gani ba. Shekara huɗu ina wata ƙungiya, ba zan kama suna ba. Muka je tsere mai hawa, aka ce mu yi wa wani aiki, ɗan gidan wanda yake saya mana riguna. Na ce to. Tun daga fitowa gari ni ne a gaba, iska tana dukana, shi yana laɓe a bayana kamar jinjiri a goye. Ruwansa ya ƙare, na ba shi gorata. Muna gindin hawa na ƙarshe tayarsa ta baya ta yi faci. Babu motar da ke bin mu, ba Turai ba ce. Ban ko tsaya tunani ba na sauka na kwance tawa na ɗaura masa, na tura shi da gudu har ya kama hanya. Ni kuwa na zauna a bakin titi da keke mai ƙafa ɗaya, rana tana ci, sai wani mai ɗaukar doya ne ya tausaya ya kai ni gari a bayan a-kori-kura.

Ya zo na biyu. An ba shi ambulan a gaban jama'a, an ɗauki hoto. Da daddare a masauki na zaci za a kira mu a raba, sai ya aiko yaro da lemon kwalba ɗaya-ɗaya. Tayata ma da ya dawo min da ita ta lanƙwashe, ramin da ya faɗa da ita bai ko ambata ba. Ni na gyara da kuɗina. Da na yi magana aka ce ba ni da haƙuri, wai baɗi ni za a yi wa aiki. Baɗin ya zo aka ce ai wanda ya saba ci shi ya san hanya. Ranar na ajiye musu rigarsu. Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a muna gaisawa, amma zuciyata ba ta manta bakin titin nan ba. Duk wanda ya ce maka "baɗi naka ne", ka ce ya rubuta.

Baban Iman: Innalillahi. Lemon kwalba! Ko mai sanyi ne dai?

Tsohon Ɗan Dako: Babu wuta a masaukin.

Malam Alpe d'Huez: Allah ya saka maka, yaya, an cuce ka. Kuma gaskiya alkawarin baɗi ko a can ya sha karyewa. A 1985 Greg LeMond ya taimaki Bernard Hinault ya ci tseren Faransa karo na biyar, Hinault ya ce shekara mai zuwa shi zai rama masa. Da 1986 ta zo, Hinault ɗin ne ya yi ta kai hari a kan duwatsu, suna ƙungiya ɗaya. Sun iso saman dutsen Alpe d'Huez hannu cikin hannu ana tafi, amma ciki na ciki. LeMond dai ya ci, sai dai da ƙyar ya ci, don abokin gabarsa da shi suke cin abinci a teburi ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne kuɗi. A can al'ada ce wanda ya ci tseren Faransa ya bar wa abokan tafiyarsa da ma'aikata kyautar, Yuro dubu 500, su raba.

Sani Mile 12: Ni abin da ban gane ba, Malam sunan dutsen Faransa ya laƙa wa kansa, amma ya taɓa hawa abin da ya wuce gadar Ojota? Mai tambaya cewa ya yi waɗanda suka taɓa shiga. Mu da muke taka feda mu ne za mu yi magana.

Malam Alpe d'Huez: Shekara 15 ina bin tseren nan ba na fashi. Likita sai ya yi cutar kafin ya ba da magani?

Sani Mile 12: Likita ya yi makaranta. Kai data ka saya.

Baban Iman: Ku daina raina Legas, muna da dutse. Ga tsibin bolar Olusosun can, duk wanda ya hau ya sauko da numfashinsa a ba shi riga mai ɗige-ɗige ta sarkin hawa.

Injiniya Obalende: Ni ina hawa kuma ina kallo, sai a bar ni in yi magana. Kuskuren kyaftin ɗinku tun a lissafi yake. Tare iska yana da amfani sosai a miƙaƙƙiyar hanya, inda ake gudu da yawa. Da an kama hawa mai tsanani gudu ya ragu, iska ta daina zama babbar matsala, nauyin jikinka ne yake ja da kai baya. Wanda bai iya hawa ba, ko mutum goma ka jera masa a gaba sai ya saki. Ribar ɗan dako a tudu ita ce ya riƙe gudu ɗaya mai zafi wanda zai hana abokan hamayya kai hari, ya kuma miƙa ruwa. To in gudun ya fi ƙarfin ogan naku fa? Kun kashe shi da hannunku.

Mutum biyu masu ƙarfi a ƙungiya ɗaya makami ne, in an san yadda za a riƙe shi. Ku tuna tseren Faransa na 2022, mataki na 11. Pogacar yana sanye da rigar ɗorawa ta wanda ke jagorantar tseren, kowa ya ce an gama. Ƙungiyar Jumbo-Visma suka sa 'yan tserensu Roglic da Vingegaard suna kai masa hari bi da bi a hanyar Galibier, wannan ya tashi Pogacar ya bi shi, kafin ya huta wancan ya tashi. Shi kaɗai yake amsa su duka. Da aka zo hawan ƙarshe na Granon babu sauran komai a ƙafarsa, Vingegaard ya tafi ya bar shi da kusan minti uku, ya karɓe rigar har Paris. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ka ce wa kyaftin ranar farko ku yi wa yaron aiki tunda hanyarsa ce, rana ta biyu kai ka fara tashi a tudu. In sun bi ka sun gaji, shi ya ci. In sun ƙyale ka, kai ka ci.

Tsohon Ɗan Dako: Roglic ɗin da ka ambata me ya samu? Ya ƙone kansa, ko Paris bai kai ba a shekarar.

Injiniya Obalende: Da raunin faɗuwa yake tafe tun makon farko, ba dakon ne ya fitar da shi ba. Kuma ka manta Sepp Kuss? Ɗan dako ne na shekaru, a 2023 ya samu jar riga ta jagoran tsere a tseren Sifaniya. A hawan Angliru ogoginsa biyu, Roglic da Vingegaard, suka tafi suka bar shi, kuma ranar ce ranar haihuwarsa. Jama'a suka yi caa a kansu, daga nan ƙungiya ta ce a tsare masa rigar. Shi ya ci, Vingegaard ya zo na biyu, Roglic na uku.

Tsohon Ɗan Dako: Wato sai da duniya ta yi musu ihu. Wa zai yi wa wannan yaron ihu a dajin Ekiti?

Maman Hanif: Sannunku da hira. Ni wayar maigida na ɗauka. Duk wanda ya ci kyautar don Allah ya tuna da mu, tun da ya sayi keken nan na dubu 600 ban ga ko kwano an ciyo ba.

Abu Ikorodu: Hajiya, dubu 350 ya gaya mana fa.

Baban Iman: Abu ka rusa gida. Allah ya ba Baban Hanif haƙurin ɗan dako.

Sani Mile 12: Duk wannan lissafin banza ne in keken bai isa can lafiya ba. Yaya za ku kai su? Ni bara a tasha 'yan kamasho suka ce sai na biya kujera guda cur saboda keke, na biya, suka kuma ɗaure shi a but ƙarƙashin buhunan mutane. Da muka sauka ƙarfen da ke canza giya ya karye. Direba ya ce shi mutane ya ɗauko, bai san maganar keke ba.

Abu Ikorodu: Ni rabin kujera na biya. Kwance tayoyin za ka yi ka naɗe shi da tsohon bargo, ka ce kayan gyara ne.

Mai Faci Idi-Araba: Rabin kujera a wace tasha? Yau ko kwali ka riƙo sai sun sa masa kuɗi. Kuma ba tasha kaɗai ba, ƙasar ce ba ta ɗauki keke a bakin komai ba. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga tseren cikin fili. Eritiriya ga Biniam Girmay ya ciyo koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a tseren Faransa a shekarar, Ruwanda ta karɓi baƙuncin gasar keke ta duniya a Kigali a 2025, mu muna nan muna gudun danfo, bas ɗin hayar Legas.

Sani Mile 12: Danfo! Lahadin da ta wuce a hanyar Ikorodu wani ya matse ni har sai da na faɗa kwata, kwandasta yana leƙowa yana dariya. Tun da aka hana acaba a wasu unguwanni a 2022 direbobin nan gani suke duk mai taya biyu ba shi da haƙƙi a titi.

Injiniya Obalende: Ka gode wa Allah ba tifa ba ce. Hanyar Lekki zuwa Epe ni na daina bin ta in gari ya waye, masu ɗibar yashi ba sa ganin mutum.

Ɗan Tudun Jos: Na gode ƙwarai, na karanta duka. Shawarar Injiniya ta kwanta min, sai dai ban san yadda zan faɗa wa kyaftin ba tare da ya ɗauka raini ne ba. Maganar rabon kuɗin kuma, in tayar da ita a gaban kowa ko in same shi a gida? Mai Faci, haƙora 28 ne a nawa.

Mai Faci Idi-Araba: 28 ba zai kai ka ba. Zo gobe bayan la'asar, na bar maka a dubu 40.

Abu Ikorodu: Kar ka je, bari in tambayo maka a wurin mutumina. Sani, wace kwatar ce ka faɗa, ta kusa da gidan man nan? Ni ma can wani ya taɓa fasa min madubi.