Tiyatar kyamara ga mai raunin zuciya, wa ya taɓa gani?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Hajiyarmu tana da tsakuwa a maɗaciya, shekararta 67, ga hawan jini, hoton zuciya kuma ya nuna rauni. Likita ya ce mu zaɓa, ko a tsaga ciki ko a yi na kyamara, wato a yi ƙananan huji a ciki a zura kyamara da kayan aiki. Amma ya ce a na kyamarar za a hura mata iska a ciki, na'ura ce za ta riƙa yi mata numfashi. Shin zuciyarta za ta ɗauka?

Ɗan Agege: Matata an yi mata bara, kwana biyu muka dawo gida. Naira 900,000. Ciwon kafaɗa kawai ta yi.

Maman Ilham: Malam, ita ma tana da ciwon zuciya?

Nas Hauwa: Yaya, a ɗakin tiyata nake aiki. Iskar kabon ce ake hurawa, matsinta kan kai 12 zuwa 15 a ma'aunin matsi na mmHg. Tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, ga shi a aikin maɗaciya ana ɗaga kan gado, jini ya taru a ƙafafu. Na'urar numfashin ma tura iska take yi da ƙarfi cikin huhu, sai jinin da ke komawa ya ƙara raguwa. Tana da salo biyu: ko a ƙayyade yawan iskar, ko a ƙayyade matsinta. Na biyun yakan sassauta wa huhu, amma ga mai lafiya bambancinsu a zagayawar jini kaɗan ne. Irin Hajiya akan rage matsin cikin zuwa 8 ko 10, a hura a hankali. Ku nemi ganin likitan sa barci kafin ranar, ku kai masa hoton zuciyar.

Baban Sadiq Mile 12: Kar ku yarda! Yayana da ƙafarsa ya shiga wani asibitin kuɗi. Ana tsakiyar aiki jininsa ya faɗi, suka koma tsagawa, ya kwana uku kan na'ura, bai tashi ba. Miliyan 2 da rabi muka biya, har yau babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani. 'Ya'yansa biyar suna hannuna.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Agege: Amin. Amma miliyan 2 da rabi? An cuce ku.

Baban Sadiq Mile 12: Kai da aka dawo maka da matarka me ka sani? Hauwa ma nas ce, ba likita ba.

Nas Hauwa: Baba, shi ya sa na tura su wajen likitan.

Sani Okada: Ni dai in za a hura min ciki, a yi da tuwon shinkafa.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Sani, ana maganar rasuwa. Ni abin da ke ci min rai, takardar amincewa da Turanci suke miƙo ta, su ce sa hannu, sauri. Mahaifiyata ta dangwala yatsa ba ta san me za a cire mata ba.

Ɗan Agege: Mu mai gadi aka kira ya yi mana tafinta.

Maman Ilham: Nas Hauwa, maganin hawan jinin fa, ta sha da safen ranar ko ta bari?