Mata da maza a fina-finan fasaha na Ostireliya: daga ina sauyin ya faro?

Balarabe:
Assalamu alaikum. Na kalli Wake in Fright na 1971, inda mazajen wani garin haƙar ma'adinai suka dulmiyar da malamin makaranta cikin giya da caca da farautar kangaru, mata kuwa ba su da ta cewa. Da na kalli My Brilliant Career na 1979 sai na tarar budurwa ce ke jan labarin, har ta ƙi aure domin ta zama marubuciya. Me ya faru tsakanin fina-finan nan biyu?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Balarabe. Gwamnati ce ta sa hannu a harkar. An buɗe makarantar fim ta ƙasa a Sidni a 1973, aka kafa Hukumar Fina-finai a 1975, kuma Gillian Armstrong, wadda ta ba da umarnin fim na biyun da ka ambata, tana cikin ɗaliban farko na makarantar. Kafin ita, tun zamanin Paulette McDonagh a farkon shekarun 1930, babu macen da ta ba da umarnin cikakken fim a ƙasar. Da kyamara ta shiga hannun mata, dajin da aka saba nunawa a matsayin fagen jarumtar namiji sai ya bayyana a matsayin wurin da ake killace mace.

Sani:
Malama, ina ganin ba a yi wa Wake in Fright adalci ba, domin Ted Kotcheff, ɗan Kanada da ya ba da umarnin fim ɗin, tona asirin wannan mazantakar ya yi, bai yabe ta ba. Batun sha'awa tsakanin jinsi ɗaya kuwa bai fito fili sosai ba sai a shekarun 1990. Fim ɗin Priscilla na 1994 ya bi masu shigar mata don wasan dandamali a tafiyarsu daga Sidni zuwa Alis Sifirins, a lokacin da dokar jihar Tasmaniya ke hukunta tarayyar namiji da namiji, wadda ba a soke ba sai a 1997.

Malama Hadiza:
Na amince, Malam Sani, amma Priscilla na barkwanci ne. Mai son ganin nauyin al'amarin ya nemi Head On na Ana Kokkinos, na 1998, kan saurayi ɗan asalin Girka a Melbon da ke ɓoye wa iyayensa cewa maza yake sha'awa, ko Nice Coloured Girls na Tracey Moffatt, na 1987, kan yadda fararen maza ke kallon matan 'yan asalin ƙasar.